Kujerar Raghad

Ranar da Wafa ta shigo gidanmu da kujerar nan sai da na yi dariya har na riƙe ciki. Wata aba ce baƙa mai kama da kwandon cefane, an cika ta da soso, ga maɗaurai ta ko'ina. Na tambaye ta ko jaririyar wani laifi ta yi da za a ɗaure ta haka. Ta ce kujerar mota ce, kuma a ciki Raghad za ta riƙa zama duk inda za a je. Raghad jikata ce, 'yar Taha autana. Wafa kuwa matar Taha ce, haifaffiyar unguwar Utaibiyya, tana aiki a wani kantin magani. Hausarta ta tsince-tsince ce, in ta fara magana da ita sai ta ƙarasa da Larabci, amma yarinya ce mai ladabi, ban da taurin kai a kan abin da ta yarda da shi.

Ni Ramlatu shekara arba'in da ɗaya na yi a Nakkasa, wata unguwa a kan dutse ba nisa da Masallacin Ka'aba. 'Ya'ya bakwai na goya na hau dutsen nan da su, matakala sama da ɗari, wani lokacin da jarkar ruwa a ka, kuma ba wanda ya taɓa suɓuce mini. To ni ce za a ce hannuna bai isa riƙe jaririya a cikin mota ba? Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na sa wa abar suna kujerar mulki, duk sanda za su fita sai in ce a kai ƙawata Raghad fada, talakawa na jira. Wafa takan yi murmushi ta ci gaba da ɗaure-ɗaurenta.

Raghad tana da wata goma sha ɗaya aka zo aka rubuta mana izala a bango da jan fenti, wato rusau ya iso layinmu. Mun daɗe muna ganin abin yana matsowa, gida bayan gida, har dutsen ya koma fili da ƙura. Taha ya samo mana shagga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Shisha, hawa na uku, aka tsayar da ranar Talata don tashi. Wafa ta nemi hutu a wurin aiki ba ta samu ba. Da safe kafin ta fita ta sauka gindin dutse inda Taha yake ajiye mota, ta shiga ta durƙusa a kan kujerar nan da gwiwa, ta ja bel, ta sake ja, ta girgiza ta har sau uku. Sannan ta hawo tana haki ta miƙo mini Raghad.

"Khala, amana," in ji ta, don haka take kirana da Larabci, wato inna. "A kujera za ta zauna. Ko da tafiyar minti biyar ce."

Na ce na ji. Ta ce in ce wallahi. Na dube ta sama da ƙasa, don a gidanmu suruka ba ta rantsar da uwar miji. Amma idonta ya nuna ba raini ba ne, tsoro ne, sai na ce wallahi don ta tafi aikinta ta bar ni da nawa.

Wanda zai kwashe mana kaya Mahmudu ne, wani Bahaushen Chadi mai dabbab, ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Mutum ne mai sanyin hali, in yana magana sai ka matso kusa. Kafin hantsi ya gama lodin firji da kabad da katifu, ya zagaye su da igiyarsa. Saura ƙofa. Ƙofar gidanmu ta ƙarfe ce, koriya, marigayi maigidana ya yi waldarta da hannunsa shekarar da aka haifi Taha. Taha ya ce shagga tana da ƙofarta, ina za mu kai wannan? Na ce ko ƙarƙashin gadona ne zan ajiye ta, amma katafila ba za ta tauna ta ina raye ba. Maza huɗu suka sauko da ita suna nishi, aka kwantar da ita a saman katifu.

Mahmudu ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce igiya ta ƙare, kuma ƙofar nan ba ta igiya ba ce ma, bel mai ƙugiya take so. Akwai a wurin wani abokinsa a Utaibiyya, in na yi haƙuri rabin awa zai je ya dawo. Rabin awar direba na san ta. Ga rana ta fara dukan ƙeya, an yanke mana wuta tun jiya, jaririya tana ta ƙananan kuka, ni kuma na ƙudurta a sabon gida zan yi azahar.

Sana'ata ce ta ba ni dabara. Shekara da shekaru, in an gama aikin Hajji, nakan bi inda alhazai suka zubar da tawul ɗin haraminsu in tattaro, in wanke, in sayar wa masu yin shimfiɗa da goge-goge. Akwai buhu guda a cikin kayana. Na zaro huɗu masu kauri, na tsaga su gida uku-uku da wuƙa, na ƙulla baki da baki. Na ce wa Mahmudu ga igiyar da ta fi ta abokinsa, wannan har Arfa ta je ta dawo.

"Hajiya, auduga ce," ya ce a hankali. "Bakin ƙarfe yana cin ta."

Na ce da irinta muke ɗaure buhuna a bayan mota tun kafin ya zo ƙasar nan. Ya dubi Taha, Taha ya kau da kai. Ɗana ne, ya san halina in na hau. Mahmudu ya karɓa ya ɗaure, ya yi iya ƙoƙarinsa, har da taka ƙofar da ƙafa yana ja.

Muna shirin shiga mota sai ga Zali tana saukowa daga matakala, hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan riƙe da kaskon turare. Zali maƙwabciyata ce, bango ɗaya muka haɗa tun muna amare, ita ta yi mini wankan jego uku. A layinmu ba a tashi ba rakiya. Dole wata babba ta bi ki, ta riga ki shiga sabon gida da bismilla, ta kunna turaren wuta a kowane ɗaki, sannan ki sa ƙafa. Ni matan da na raka sun fi ashirin. Yanzu layin ya watse, Zali kaɗai ta rage, ita ma sati mai zuwa za ta koma Jidda wurin 'yarta. Ta sa abayarta mai kyau ta zuwa unguwa, ta shafa kwalli. Ba ta tambaya ko akwai wuri ba, don ba a tambaya.

Wuri kuwa babu. Bayan motar Taha cike yake da talabijin da kwalayen kayan fashi, sai kujerar Raghad ta cinye sauran gefen. Na tsaya na dubi Zali, na dubi kujerar. Na tuna rantsuwata sarai, kada wani ya ce mantuwa na yi. Amma na kasa buɗe baki in ce wa tsohuwar da ta sauko matakala ɗari da ciwon gwiwa ta koma, wai kwando ya cinye mata wuri. Na ce wa Taha ya cire.

"Ya Ummi, Wafa ta ce..."

Na ce Wafa ce ta haife shi ko ni? Ya ce akwai kamara a hanya, za a rubuta masa tara. Na ce zan lulluɓe yarinyar da hijabina, in ga kamarar da za ta leƙa ƙirjin tsohuwa. Ya daɗe yana kokawa da bel ɗin kafin ya kwance, don ta ɗaure shi da gaske. Aka miƙa wa Mahmudu kujerar ya cusa ta a gefen ƙofa, ƙarƙashin tawul ɗin nan. Zali ta shiga baya da kaskonta, ni na zauna gaba da Raghad a cinyata.

Mahmudu yana gaba muna binsa, don in riƙa ganin kayana. Muka hau da'iri, babban titin da ya zagaye gari. Sanyin mota ya ratsa Raghad, ta yi barci a ƙarƙashin hijabina, numfashinta yana ɗumama mini ƙirji. Zali tana ba ni labarin yadda matar ɗanta take dafa shinkafa kamar kunu, muna dariya. Raina fes yake a lokacin. Har na ce a zuciyata da kujerar nan ce da yanzu yarinyar tana can baya ita kaɗai tana tsala ihu.

A kan wata gada ne dabbab ya yi tsalle kaɗan, irin tsallen da mota kan yi a mahaɗar kwalta. Na ga farin tsumma ya tashi sama yana kaɗawa. Ƙofar ta ɗaga baki kamar murfin tukunya, ta zamo, ta taho. Taha ya taka birki ya murɗa sitiyari. Na ji ƙara biyu, ta ƙofa da ta shingen gefen titi. Na riƙe Raghad, Allah shi ne shaidata na riƙe ta da duk ƙarfin da nake da shi. Da hankalina ya dawo hannayena suna nan a harɗe a ƙirjina yadda suke, hijabin ya yage, babu kowa a ciki.

Wani mai wucewa ne ya ɗauke ta ya tafi da ita asibiti a motarsa kafin motar asibiti ta iso. Mu aka kwashe mu daga baya. Taha ya karye a cinya, Zali ta karye a kafaɗa, ni ɗinki shida a goshi da haƙarƙari biyu. Raghad ta cika kafin la'asar.

Labule ne kawai tsakanin gadona da na Taha lokacin da Wafa ta iso da farar rigar aikinta. Ba ta yi kururuwa ba. Na ji takunta ya tsaya, na ji ta tambaye shi da Larabci ko yarinyar tana cikin kujera. Sai na ji ɗana ya ce, "Aiwa," wato eh. Ina kwance ina jinsu, bakina lafiya lau yake, ba abin da ya same shi. Na rufe ido na yi kamar allura ce ta ɗauke ni.

Washegari aka yi mata salla a Masallacin Ka'aba bayan azahar, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Wan Wafa ne ya ɗauke ta a hannu, don ba ta kai a sa ta a makara ba. Masu ta'aziyya suka cika shaggar da ko labule ba mu rataya ba, suna zaune a kan kwalaye. Kowace ta shigo sai ta ce mun yi dace, dubban mutane sun sallace ta, ga ta ba ta da zunubi, za ta cece mu gobe. Gaskiya suke faɗa, amma duk wadda ta faɗa sai in ji kamar in tashi in mare ta. Laifi kuwa kowa ya ɗora wa direban dabbab. Ana ta tsine wa masu motocin kaya da ba sa ɗaure lodi, ana cewa gara da aka tsare shi. Matar Mahmudu ta zo rana ta biyu, ta zauna a bakin ƙofa kusa da takalma, ta yi gaisuwa ta tafi. Ba ta roƙi komai ba, kuma ban iya haɗa ido da ita ba.

Rana ta huɗu aka kawo ragowar kayanmu da aka tsince a titi. A ciki har da kujerar. Ta faɗo tare da ƙofa, motoci sun bi ta kanta, gefe ɗaya ya tsage, soson ya fito. Wafa ta gan ta, ta ɗauka ta shige ɗaki da ita. A tunaninta daga cikin motar Taha ta fizge ta fita. Daga ranar ta daina cin abinci sai ruwa. In na wuce ƙofar ɗakinta sai in ji muryar wani mutum a waya yana koyar da yadda ake ɗaure kujerar yara, ya gama ta maido shi farko. Ta tambayi Taha ko ya lura bel ɗin ya yi sako-sako da safen nan. Ta tambaye shi ko ya ji ƙarar makullin lokacin da ta danna, don ita ta kasa tunawa. Ya ce mata ƙaddara ce, ta daina. Ta ce ta san ƙaddara ce, amma ta hannun wa ta biyo?

Na sami Taha shi kaɗai, ƙafarsa a miƙe cikin filasta, na ce masa yarinyar nan za ta hallaka kanta. Ya kama hannuna yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ummi, in ta sani, khalas, shi ke nan, ta tafi. Na rasa 'ya, kada ki sa in rasa mata. Ki ba ta lokaci, za ta manta."

Zali ma da na kira ta a waya haka ta ce. Wai a rufa wa juna asiri, faɗa ba zai dawo da wadda ta tafi ba, aure kuma ba abin wasa ba ne. Na so in yarda da su, don maganarsu ta yi mini daɗi. Tsoro nake ji. Ni da ake shakkar bakina a Nakkasa kaf, na koma ina laɓe-laɓe a gidan ɗana, ina jiran surukata ta shiga banɗaki kafin in fito ɗaukar ruwa. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, in goben ta zo in ce bari ta ɗan ci abinci tukuna.

Ranar kwana goma sha ɗaya, da hantsi, ina zaune a ƙasa a kicin ina tsince shinkafa, ta shigo. Ta rame har wuyanta ya fito. Ta zauna a gabana a kan tayil, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu a gwiwata. Da Hausa ta yi maganar, tana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Khala, ki yafe mini. Kin faɗa mini tun farko, ban ji ba. Da na bar miki ita a hannunki, da tana nan. Ni ce ban ɗaure da kyau ba. Ni na kashe ta."

Na ajiye farantin. Na ce mata ta ɗaure da kyau, har sai da Taha ya yi gumi kafin ya kwance. Ta dube ni ba ta gane ba. Sai na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Na ce ni na sa aka cire kujerar don Zali ta sami wuri. A bayan dabbab take, daga can ta faɗo. Raghad a cinyata take, a gaba. Ƙofar ma ni na hana Mahmudu zuwa ɗauko bel, ni na tsaga tawul na ba shi, ya ce ba zai riƙe ba na yi masa tsawa. Taha ya yi mata ƙarya ina ji, na yi shiru.

Ba ta ɗauke hannunta daga gwiwata nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon shinkafar. Sannan ta tambaye ni ko yarinyar idonta biyu lokacin. Na ce barci take yi. Ta tambaya ko ta yi kuka. Na ce ban ji ba. Ta gyaɗa kai.

Na ce ta zage ni, ta doke ni in tana so, na cancanta. Na miƙa hannu zan riƙe ta. Ta kama hannun ta mayar mini da shi kan cinyata a hankali, kamar mai mayar da kayan aro.

"Hatsarin daga Allah ne, zan iya da shi," ta ce. "Amma kwana goma sha ɗaya, Khala. Kina gidan nan. Kina kallona."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta kira wanta a waya ta ce ya zo ya ɗauke ta. Na ji Taha yana kiran sunanta daga falo, yana ja da sanda, ya faɗi ya sake tashi. Jaka ɗaya ta fito da ita. Ta wuce shi, ta wuce ƙofar kicin, ba ta waiwayo ba.

Da la'asar na sa abaya na ce wa ɗan maƙwabta mai tasi ya kai ni ofishin 'yan sandan hanya, na faɗi abin da na sani a kan lodin Mahmudu, aka rubuta na dangwala. Da na dawo Taha yana zaune inda na bar shi, fuskarsa a bango. Na yi sallama bai amsa ba. Yau wata biyar ke nan muna zaune mu biyu a shaggar nan, ina dafa masa abinci yana ci, kuma bai ƙara kirana Ummi ba.